Ranar da Iya Elero ta tambayi Bature shekarunsa

Duk wanda ya zauna a gidan hayarmu na Agbowo, nan Ibadan, ya san Jibike tun tana yawo da majina a hanci. Kakarta ce ta raine ta, Iya Elero, mai injin markaɗen da ke bakin ƙofa, wanda in aka tashe shi har haƙoran mutum sai sun yi rawa. Uwar yarinyar tana aure a Legas, sai ƙarshen shekara ake ganinta. Jibike ta tashi ne tsakanin bokitan jiƙaƙƙen wake da yajin attaruhu, tana shekara tara ta iya wanke inji, tana sha biyu ta san matar da ke zuwa da kwano ɗaya ta ce rabi ne.

Abin da ta fi kowa a unguwar shi ne ladabi. Iya Elero ba ta yi wasa da wannan ba. Ba a gaida babba a tsaye, gwiwa biyu ne a ƙasa ko da cikin taɓo. Ba a kiran sunansa, ba a kallonsa cikin ido, ba a ce masa ba haka ba ne. Mai gidan hayarmu ya taɓa ce mata ranar Talata wai Laraba ce. Ta ce, "Haka ne, Baba," ta wuce makaranta da littattafan Talata a jakarta.

Tana shekarar ƙarshe a jami'a, inda take karatun kasuwanci, malaminsu ya sa sunanta a wani shiri da ake yi ta intanet. Ana haɗa ɗalibai daga ƙasashe daban-daban, biyar-biyar, a ba su kamfani na gaske su ba shi shawara cikin sati takwas. Mutanen gida da suka ji an ce ƙasar waje har sun fara tunanin sautu. Ashe ƙasar wajen a kan teburin guga take, cikin wata tsohuwar kwamfuta da ake ɗaure murfinta da roba.

Kowace Alhamis da ƙarfe huɗu sai ta roƙi kakarta a kashe inji na awa ɗaya. Ta rataya farin zanin gado a bayanta don kada a ga tukwane, ta sa kwat a sama, ƙasa kuwa zani ne da silifas. Mata suna zaune a benci da kwanukansu suna mita.

"Manaja ta shiga ofis. Yau miya sai bayan magariba."

Shugaban rukuninsu wani ɗan Holan ne, Sander, mai magana da sauri kamar ana binsa da sanda. Kamfanin da aka ba su kuwa na wani dattijo ne a Italiya, Ettore, shekararsa saba'in da ɗaya. Ƙaramar masana'anta ce da ya gada a wurin ubansa, ma'aikata tara, suna ƙera ƙaramin injin markaɗe na lantarki irin na ajiyewa a kicin. Kasuwa ta ja baya a ƙasarsu. Ya ji labarin a Najeriya babu gidan da ba a markaɗe kullum, shi ne ya ce a duba masa.

Ranar farko da fuskarsa ta fito, kai fari fat, gwiwoyin Jibike ba su yi shawara da ita ba. Ta sulale daga kujera ta durƙusa. Su can ba abin da suke gani sai zanin gado.

"Layin Jibike ya yanke," in ji Sander.

Sai ga murya daga ƙarƙashin tebur: "Barka da yamma, Baba. Mun same ku lafiya? Ya iyali, ya aiki, ya sanyi?"

Dattijon ya yi dariya har da share ido. Ya ce ta tashi, kuma ta riƙa kiransa Ettore kamar kowa. Ta tashi, amma sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Baba ya zama, har sauran ɗaliban suka ɗauka.

A sati na uku Baba Ettore ya aiko mata da inji ɗaya ta gwada. Ja ne, mai ƙyalli, gwanin sha'awa. Iya Elero ta juya shi ta duba gindinsa kamar mai sayen kaza. Aka zuba tumatir, ya markaɗe lafiya. Aka zuba wake gwangwani biyu na alale, ya yi gurnani, ya yi zafi, ya fara ƙauri, ya tsaya. Suka jira ya huce. Kafin ya huce an ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai washegari da rana.

"Wannan na dama wa jariri ayaba ne," in ji Iya Elero. Ta kife shi a kan firji.

Da Alhamis ta zo, Baba Ettore ya matso da fuskarsa kusa, idanunsa na haske kamar wanda ya kai ɗansa makaranta yana jiran sakamako.

"Ya iso? Kin gwada? Matan ƙasarku za su so shi, ko?"

Jibike ta sunkuyar da kai. "Haka ne, Baba."

"Zai yi musu aikin da suke so?"

"Zai yi, Baba."

Da ɗan Ibadan ne ya ga yadda ta kalli ƙasa ta ja murya, da ya bar maganar ya aika wani ya tambaye ta a gefe. Ita ma abin da ta zata ke nan. Amma Sander rubutawa ya yi a rahotonsu, cewa 'yar rukuninsu da ke zaune a ƙasar ta gwada ta tabbatar. Sauran suka ɗora lissafinsu a kai, suka zana zane-zane masu hawa sama.

A sati na shida dattijon ya zo da albishir. Ya sayo kayan aiki, zai ƙera guda ɗari huɗu, kuma Juma'ar sama zai sa hannu da masu jirgin ruwa.

"Maganarki ce ta ba ni ƙarfin gwiwa, 'yata," in ji shi.

Tun daga ranar Jibike ta daina cin abinci sosai. Ana ajiye mata amala ta sandare a kwano. Inji ɗari huɗu take gani a jere cikin sito suna tara ƙura, da mutum tara da ba ta taɓa gani ba suna aikin banza saboda kalma biyu da ta faɗa. Ta rubuta wa Sander saƙo ta goge har sau huɗu, sannan ta kira shi.

"To ki gaya masa mana," in ji shi. "Mene ne abin wahala?"

"Ya girmi babana."

"To sai me?"

Ta roƙe shi ya faɗa a madadinta. Shi kuma ya ce zai iya faɗa, amma bai ga komai da idonsa ba, ita ce ta gani, ita dattijon ya yarda da ita.

Washegari da safe suna wanke inji ita da kakarta, tsohuwar ta ɗaga kai ta dube ta.

"Ke 'yar nan, wa ya mutu ba a gaya mini ba?"

Ta kwashe labari ta faɗa mata. Iya Elero ta ajiye soso.

"Ƙarya kika yi wa dattijo?"

"Ba ƙarya ba ce, Mama, kunya ce."

"In kayan suka iso, kunyar ce za ta saye su?"

"Ke fa kika koya mini."

"Na koya miki kada ki ƙaryata babba a fuskarsa. Ban ce ki zuba masa ido ya yi asara ba. Duk karatun nan naki ba ki san yadda ake yi ba? In yaro ya ga abin da babba bai gani ba, wani babban yake nema ya kai maganar. Shekarunsa nawa?"

"Saba'in da ɗaya."

Tsohuwar ta lanƙwasa yatsu tana lissafi, leɓenta na motsi. "Ki ce masa Alhamis ina zuwa."

Ranar ta ci kwalliya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ɗaurin kanta ya yi girman da sai da aka ja kujera baya sannan ya shiga hoton, shi ma rabi. Ta kalli ƙananan fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mai furfurar da yatsa.

"Wancan ne? Tambaye shi, shekarar da ƙasar nan ta samu 'yancin kai yana da shekara nawa."

Jibike ta tambaya da Turanci, ta gaya masa shekarar. Baba Ettore ya yi mamaki, ya ce takwas.

"Takwas! Ni lokacin ina goya ƙanina in kai shi kasuwar Oje in dawo. To ƙanina ne. Gaya masa yayarsa za ta yi magana, ya saurara."

Ta gyara zama ta fara. Ta ce injinsa kyakkyawa ne amma rago ne. Ta ce a nan ba a markaɗen mutum biyu, gida ɗaya baki goma ne. Ta ce wuta baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwa. Ta ce matar da za ta sayi wannan za ta zage shi ta zagi wanda ya ƙera shi kafin sati ya zagayo.

Jibike ta juya ta ce, "Baba, kakata ta ce injinka yana da kyau ƙwarai, sai dai akwai 'yan ƙananan abubuwa."

Dattijon ya yi murmushi ya gyaɗa kai.

"Me ya sa yake murmushi?" in ji Iya Elero. "Abin da na faɗa ba na murmushi ba ne. Ke, bakina kike ara, ba naki ba. Faɗa masa yadda na faɗa, ko in kira yaron can mai saurin magana ya koyi Yarabanci."

Jibike ta faɗa, kalma bayan kalma, tana farawa da "ta ce" kowane lokaci kamar mai riƙe bango. Tsohuwar ba ta tsaya nan ba. Ta sa aka sauko da jan injin, ta zuba wake a gabansu. An yi sa'a akwai wuta. Ya yi gurnaninsa, ya tsaya. Sannan ta ce a ɗauki kwamfutar a kai bakin ƙofa. Matan da ke benci suka gyara ɗankwali suna ɗaga hannu. Ta ɗaga wani bokiti cike da wake.

"Wannan na gida ɗaya ne. Ƙosan safe."

Da aka dawo ɗaki Baba Ettore ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido.

"Jibike, tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ya iso, Baba."

"Me ya hana ki faɗa?"

Kakarta ta tambaye ta me ya ce, ta gaya mata.

"Ce masa ni na raine ta haka. In akwai laifi a wurina ya nema. Amma ai ba ta bari ya sa hannu ba."

Ya ce ba zai sa ba. Ya ce gobe da safe zai tara ma'aikatansa ya gaya musu, kuma ba zai yi daɗi ba. Ya gode wa Iya Elero, ya kira ta yaya kamar yadda ta ce. Ita kuma ta yi masa faɗan ya riƙa cin abinci, ta ga ya rame.

Kwana shida suka rage a miƙa rahoto, dole aka rushe shi aka sake. Sander ya yi ta ƙunƙuni a kan zane-zanensa, amma ya zauna ya yi aikin. Jibike ta ɗauki littafi ta bi matan benci ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, daga nan ta fita titi, ta bi masu abinci da masu shaguna har ƙofar jami'a. Ta dawo ƙafa duk ƙura, ta cinye amala mulmula biyu.

Alhamis ta ƙarshe Iya Elero ta tafi suna a unguwar Oke-Ado. Bayan an karanta rahoto, Baba Ettore ya ce ya kwana yana tunani, ya samo dabara. In gidaje ba za su saya ba, a kai wa masu gidajen abinci.

"Jibike, ke nake tambaya. Me kika gani?"

Ta waiga. Kujerar da ke gefenta babu kowa a kai. Ta fara da addu'a, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ja kwanansa, ya albarkaci masana'antarsa da iyalinsa. Ya bar ta har ta gama.

"Baba, masu gidan abinci bokiti-bokiti suke markaɗawa. Ba za su saya ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Baba."

"To su wa?"

"Masu sayar da ruwan abarba da kankana a ƙofar jami'a. Suna da ƙaramin janareta, kuma kofi-kofi suke yi. Na tambayi bakwai, biyar sun ce suna so in murfin ba ya yoyo. Kada ka aiko ɗari huɗu. Aiko ashirin a gwada tukuna."

Ya jawo takarda da biro, ya ce ta maimaita a hankali. Ta maimaita, yana rubutawa.

Ashirin ɗin ya aiko bayan wata biyu, lokacin ta gama jarrabawa tana jiran bautar ƙasa. Ita ce ta hau mota zuwa Legas ta karɓo su, ita ta bi masu abarba tana nuna musu yadda ake wankewa. Duk ƙarshen wata tana rubuta masa abin da suka ce, mai daɗi da marar daɗi, bayan gaisuwa mai layi shida.