Daɓen da Ya Karkatar da Sahu

Filin da ke tsakiyar unguwarmu a Limawa ba shi da suna, fili kawai muke cewa. Na taso na tarar makiyaya suna tsayar da shanu a cikinsa kafin su gangara mashaya. Daga baya masu nono suka kama gefe guda, aka kuma kawo famfo. Amma babban aikinsa salla ne. Nan ake jana'iza, nan ake shimfiɗa idan masallaci ya cika. Liman kan ja layi a rairayi da sandarsa, mu jera.

Nan muka sallaci yayana, Allah ya jiƙansa. Ɗansa yana Jamus wurin aiki, bai iso ba sai bayan kwanaki. Ya same ni a zaure, ya nuna mini hoton wani dandali a wayarsa.

"Baffa, tsakiyar garin da nake ke nan. Da can kasuwa ce, yaƙi ya rushe ta, suka mai da wurin ajiye motoci, daga baya suka kori motocin suka daɓe shi da duwatsu. Haka nake so in yi wa filinmu, ladan ya kai ga Baba."

Na gane ciwon rashin halartar jana'izar ne ke cinsa. Na sa masa albarka.

Aka kawo ƙananan bulo na daɓe, ja da fari, aka jera su daidai da titi. Wuri ya yi kyau ƙwarai. Tsofaffi suka sa wa yaron suna Bajamushe, yana dariya.

Juma'ar farko muka fito. Babu rairayi, babu layin sanda, sai kowa ya ɗora yatsun ƙafarsa a kan layin bulo, don mu mutane ne da in muka ga layi a ƙasa, sahu muka gani. Bayan sallama sai na'ibin liman, da ya tsaya a bakin ƙofar masallaci, ya ce na ciki sun fuskanci alƙibla, mu na waje mun ɗan karkata kudu.

"To, Bajamushe," in ji wani dattijo, "Legas ka aika mu ke nan?"

Aka yi dariya, ban da yaron. Wani ya ce a tone abin baki ɗaya a dawo da rairayi. Na dubi ɗan yayan nawa na ga idonsa ya kawo ruwa.

Ya durƙusa gaban liman. "Allah gafarta Malam, sallar mutane fa? A wuyan Baba za ta hau?"

"Tashi, ɗana. Babu wanda ya yi da gangan, Allah kuwa niyya yake duba. Fenti ma ya isa a ja layi."

Yaron ya ce fenti gogewa yake yi. Ya ɗaga tafiyarsa ta komawa Jamus. Washegari da hantsi liman ya riƙe bakin igiya, na'ibi ya ja ta daidai da alƙibla, aka cire bulon ɗaya bayan ɗaya aka sake jerawa. Ni ma na miƙa kaɗan, gwargwadon abin da bayana ya yarda.

Juma'ar da ta biyo baya, yaron ya tsaya kusa da ni a sahun waje. Da aka sallame ya daɗe a zaune, tafinsa a kan daɓen, yana yi wa mahaifinsa addu'a.