Kyanwar ce za ta kai ƙara

"Tsaya, Hajiya. Ke aka yi wa allurar, ko kyanwar?"

Jami'in ofishin karɓar koke ne yake tambayata, idonsa na kan wayarsa. Zan dawo kansa.

Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. Hannun da nake rubutu da shi ne ya kusa tafiya.

Ina da kyanwa, Gimbiya. Wani mai babur da ke bi ta Gumel ranar kasuwar Maigatari ya sayar min da abin da ya kira inshorar dabba: in riƙa biya duk wata, shi kuma rigakafi da magani. Ya yi mata allurar haukan kare. Daga aljihun rigarsa ya zaro kwalbar. Na gani, na bar shi ya yi.

Daga baya Gimbiya ta fara ɓuya, ta daina ci. Ta cije ni a yatsa. Bayan 'yan kwanaki ta mutu.

Hannu ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ni. A asibiti aka tsaga yatsan, aka matse, aka ɗaura min ruwa. Na gaya wa likita an yi mata rigakafi. Da ya ji zancen aljihu sai ya ce, "Maganin da ya sha rana ruwa ne, Malama."

Allurar haukan kare da za a yi min ba ta asibitin, sai da yayana ya nemo a Kano. Albashina ya tafi. Kullum na ɗauki kofin ruwa sai in lura ko maƙogwarona zai ƙi, don an ce haka ciwon yake farawa. Inna tana kallona, tana yi kamar ba ta kallo.

Na warke, alhamdu lillahi. Yaya, Inna, ma'aikatan jinya, Allah ya saka muku. Ku kuma masu karatu: in dabba ta cije ku, ku wanke da sabulu sosai, ku tafi asibiti ranar. Maganin da bai fito daga sanyi ba, ku ƙi.

Mai babur ya ce inshorarsa ta dabba ce, ba ta mutum ba. Abin da ya kai ni ofishin koke ke nan.

Jami'in ya bayyana min cewa wanda aka yi wa aikin shi ke da haƙƙin koke. Na ce ta mutu.

"Allah ya ba da haƙuri. Kin ga magana ta ƙare."

Na tambaye shi kyanwa nawa suka taɓa zuwa. Bai ɗago ba.

Da hannun hagu na jawo masa ƙofar, na fita.