Kwanon Ƙungiya

Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, can gefen 'yan hatsi, wani dattijo yana zaune da kwanon awo a cinyarsa. Hularsa ta koɗe, amma kwanon sai ƙyalli yake yi. Da alama shi kaɗai ya rage a ƙungiyar manoman Darki, waɗanda suka yi alkawarin daina sayar da gero da kwanon 'yan sari, wanda ake bubbuga gindinsa don ya ƙara zurfi.

Ga wani manomi nan tafe da buhu a bayan babur. Dattijon ya miƙe, ya ɗaga kwanon.

"Yahuza, ga namu nan fa!"

"Baba Gwadabe, ka yi haƙuri. Alhaji ya ce ko kwanonsa, ko in koma gida da kayana. Ga mai ɗakina a kwance."

Ya wuce, ko waiwaye bai yi ba.

Wataƙila a zauren dattijon nan aka ɗaura alkawarin, wataƙila ma shi ya shafa fatiha. Ya koma ya zauna, yana goge kwanon da bakin rigarsa, kwanon da ko ƙwayar gero ba ta shiga ba tun safe.