Yadda na ɗage zangon karatu da dangwalen yatsa

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan ba a wannan shafi, kuma waɗanda suka yi ta nemana sun cancanci bayani.

Wata Laraba ina rubuta aikin jami'a, biro ya suɓuce mini sau biyu. Na tashi yin alwala, buta ta gagare ni ɗauka. Na taɓa karanta alamomin shanyewar ɓarin jiki a wata takardar faɗakarwa, saboda haka na san abin da ya same ni tun kafin a kai ni asibiti a nan Daura.

Jinina ya hau ƙwarai. Aka tura ni Katsina hoton ƙwaƙwalwa, wanda sai da maiɗakina ta sayar da tumakinta biyu kafin muka biya kuɗinsa. Likita ya ce, "Malam Sani, rai ya tsira. Hannu kuwa sai a hankali."

Bayan tsoron mutuwa, sai na karatu. Ina da shekara arba'in da takwas, ina zuwa jami'a ƙarshen mako, saura mini zango ɗaya. Littafin dokokin ɗalibai kuwa na haddace shi: mai son ɗage zango sai ya miƙa takarda da sa hannunsa kafin a fara jarrabawa. Idan bai yi ba, a rubuta masa faɗuwa a kowane darasi. Ni kuma shekarun da aka ɗibar mini na kammala karatun sun kusa cika, faɗuwa a wurina kora ce.

Saura kwana tara.

Na faɗi abin da nake so, ƙanena Lawal ya rubuta takardar, na sa hannu da hagu. Jami'in rajista ya dawo da ita, ya ce sa hannun bai yi kama da wanda ke fayil ɗina ba. Ban ga laifinsa ba. Kwana uku ina gwadawa da dama, maiɗakina tana riƙe mini takarda, ko harafi ɗaya bai tsaya ba.

Ita ce ta ce, "Malam, ka dangwala mana, yadda Baba yake yi wajen karɓar taki."

Abin ya yi mini nauyi. Shekara ashirin ina koya wa yaran firamare riƙon biro. Amma na amince. Likita da kansa ya kama babban yatsana ya sa a tawada, ya rubuta shaidarsa a ƙasa, ya buga hatimi. Na juya fuskata bango.

Aka karɓa ana saura kwana biyu.

Yau ina riƙe cokali, ina zuwa masallaci da sanda, zan kuma koma aji zango mai zuwa in Allah ya yarda. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitana, da Lawal, da maiɗakina, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Shawarata: ku riƙa auna jininku ko kuna jin ƙalau. Ɗalibin da ciwo ya kwantar kada ya yi shiru yana jiran ya warke. Ya aika takarda tun daga gadon asibiti, haɗe da shaidar likita, kuma kada ɗan aiken ya baro ofishin sai an buga masa hatimin karɓa a kan kwafi.