Wane Dankalin, Namu ko na Turawa?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Ya'u tela ya rasu.

Da safen nan ina bakin tasha ina goge babur, ko fasinjan farko ban ɗauka ba, sai ga kiran matarsa, Inna Talatu. Ko sallama ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Sagiru, Malaminka ya tafi." Na ce ina zai tafi, mutumin da ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa? Sai ta kashe wayar.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Yanzu na dawo, ko ƙafa ban wanke ba, kuma akwai maganar da in ban faɗe ta ba za ta fasa mini ƙirji. Ku yi haƙuri da tsawonta.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan mai keken ɗinki na ƙafa a rumfar bayan tasha, nan Birnin Kudu, wanda kullum za ka ga allura soke a gefen hularsa.

Ni ban gama makaranta ba, kowa ya sani. A rumfarsa na iya karatu. Yana sayen tsofaffin jaridu don yankan samfurin riga, amma ba ya sa musu almakashi sai na karanta. Yakan ce, "Karanta mini da ƙarfi, idona yana kan allura." In ta Turanci ce, na yi ta tuntuɓe har in kai ƙarshe, shi kuma ya ce, "To, me suka ce?" Sai in juya masa da Hausa, wanda na gane da wanda na cika da ka.

Daga nan ya sa mini Farfesa. Farfesan acaɓa.

Sau uku yana ɗinke mini rigar kujerar babur. Na miƙa kuɗi, ya ce in saya wa bakina kwaɗo in kulle shi. Duk ranar da ya jiyo ni ina cacar baki da fasinja, in na zo sai ya ce, "Sagiru, bakinka ya fi babur ɗinka gudu, kuma shi babur ɗin yana da birki."

Shekara biyu ke nan ya fara rama. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari kamar an kunna famfo. Ni na goya shi zuwa asibiti, aka gwada, aka ce ciwon suga ne.

Likitar da ta duba shi ba Bahaushiya ba ce, Hausarta ba ta wuce "sannu Baba" da "ina ciwo" ba. Ta ce bari ta kira wanda zai yi mana tafinta. Na ce ba sai an kira kowa ba, ga ni. Ni ne na faɗi haka da bakina, Malam yana kallona yana murmushi irin na wanda ya zo da nasa.

Baiwar Allah ta yi bayani tsakani da Allah, ba ta gaji ba. Ban da sukari, ban da lemon kwalba. A rage burodi, a rage shinkafa, a rage tuwo. Sai ta ce "potato". Na juya na ce, "Malam, ta ce ban da dankali."

Mun fito, yana ƙoƙarin ɗaga ƙafa ya hau babur, sai ya tsaya.

"Farfesa, wane dankalin? Namu ko na turawa?"

Tsakanina da ƙofar likitar nan bai kai taku ashirin ba. Amma ga layi, ga rana, ga kuma girman kai. Ni da na ce ba a bukatar tafinta, yanzu in koma in ce ban gane ba?

Na ce, "Haba Malam, ciwon suga fa ake magana. Wanne ne mai zaƙi? Namu mana. Na turawa ai lami ne, shi ake dafa wa marasa lafiya."

Ya ce, "Ka yi gaskiya."

Wallahi kalmar nan tana cikin kunnena har yanzu.

Malam yana da 'yar gona a Wurno inda yake noman dankalin Hausa. A shekarar nan ko ɗaya bai sa a baki ba, rabar da shi ya yi. Ni kuma na ɗauki alwashi, duk ranar da na kai fasinja wajen Gwaram sai na tsaya na sayo masa na turawa, kashi biyu ko uku, na ɗaure a tanki. Masu dubiya ma shi suke kawowa. Ku gaya mini gaskiya, a garin nan wa ya taɓa zuwa dubiyar mai mutunci bai yi tunanin dankalin turawa ba?

Ya rage tuwo kamar yadda aka ce, ya cike gurbin da shi. Da safe Inna Talatu ta soya, da yamma ta yi fate, wani lokaci ta dafa ta murƙushe masa da ɗan mai. Kwano shaƙe. Yana ci yana dariya, yana cewa, "Ciwon nan ya mai da ni Bature, saura cokali mai yatsu."

Duk zuwa gwaji sai a ce sugan ya hau. A tambaye shi, "Baba, kana kiyaye abinci?" Ya ce, "Sosai." Kuma ba ƙarya yake ba. Mutumin nan ya bar rake, ya bar zuma, ya bar mangwaro ana tsakar mangwaro. Shayinsa ko kare ba zai lasa ba. Ya yi duk abin da aka ce masa. Ni ne na faɗa masa abin da ba daidai ba.

Da damina fedar keken ɗinki ta ɗan ƙuje masa babban yatsa. Ƙujewar da yaro ma ba zai yi wa kuka ba. Ta ƙi warkewa, ta zama gyambo, yatsan ya yi baƙi, aka cire shi. Tela kuwa da ƙafa yake cin abinci. Aka rufe rumfa.

Ni kuma ina ta kawo dankali, har na ƙara yawa, wai don ya samu ƙarfi.

Kwana goma da suka wuce na ɗauko wata ma'aikaciyar jinya daga Gwaram. Ta ga leda a tanki, ta ce, "Amarya aka yi ne, ake ta dankali haka?"

Na ce, "A'a Hajiya, na wani babana ne mai ciwon suga. Shi yake ci safe da yamma."

Ta ce, "Tsaya."

Na ɗauka wani abu ta yar. Ta sauka a gefen titi, ta dube ni, ta ce, "Wa ya gaya muku?"

Na ce ai ba shi da zaƙi.

Ta ce, "Harshenka ne bai ji zaƙin ba, jininsa yana ji. Sitaci ne, da ya shiga ciki suga yake komawa, kuma da sauri, balle an murƙushe shi. Ba guba ba ne. Ɗan kaɗan a gefen wake da ganye ba laifi. Amma kwano guda safe da yamma? Na Hausan da kuka hana shi, in dafawa aka yi aka ci kaɗan, bai fi wannan illa ba."

Ban san yadda na kawo ta gida ba. Na zauna a gindin wata bishiya na yi ta bincike a waya har data ta ƙare. Abin yana nan a rubuce, ba a ɓoye yake ba. Shekara biyu ina karanta rigimar 'yan siyasa da sakamakon ƙwallo a wayar nan, ban taɓa neman kalma ɗaya da ran mutum ke rataye da ita ba.

Na juye wa wata mai tuya dankalin, na sayi awara da kwaɗon zogale, na nufi gidansa.

Na same shi a zaure kan tabarma, ƙafar tana lulluɓe da zane saboda ƙudaje. Da niyyar neman gafara na shiga. Amma kun san bakina. Maimakon haka sai na hau faɗa: jahilci ya kashe mu, mutane ba sa tambaya, kowa likita ne a garin nan, a daina ba shi dankalin turawa daga yau!

Ya bar ni har na gaji. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Ni kuwa wani babban malami ne ya ba ni fatawar."

Yana murmushi ya faɗa. Na sunkuyar da kai, na shiga kwance leda.

Ya ce, "To Farfesa, yanzu me zan ci?"

Na shiga lissafo masa abin da na karanta: wake, zogale, rama, kabeji, yalo, miyar kuɓewa da yawa tuwo ɗan kaɗan, ƙwai, kifi, gyaɗa, awara.

"Awara? Da gemuna? Abin da 'yan mata ke ci a tsinke?"

Na ce ita ce ma ta fi, ga araha, kuma shekara nawa ana soya ta a gefen rumfarka.

Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya gutsura, ya ce ba laifi. Can ya ce, "Amma ka duba rumbun kowa a ƙasar nan. Gero, dawa, masara, shinkafa, rogo. Duk ka ce su ne matsalar. Ƙwai da kifi kuma na masu albashi ne. Ganye in ka ci da safe, kafin hantsi cikinka yana kiran sallah. Wato ciwon nan bai san inda ya zo ba."

Na tura masa sauran awarar.

Inna Talatu ta leƙo ta ce, "Sagiru, ka yi masa magana. Sun ce baƙin ya haura, sai an yanke daga gwiwa, ya ce shi a'a."

Na sake hawa. Na ce Malam wannan taurin kai ne, ƙafa ce ko rai? Ya ce, "Ƙafar nan ta ciyar da gidan nan shekara da shekaru, ba zan kore ta ranar da ta gaza ba. Tare za mu koma." Na ce wannan ba tawakkali ba ne. Ya ce, "Na sani. Tsoro ne. Kai ba ka taɓa jin tsoro ba?"

Na miƙe zan tafi. Ina sa takalmi ya kira ni da sunana, ba da Farfesa ba.

"Sagiru. Akwai wata magana?"

Ya buɗe mini ƙofa har bango. Kalma uku kawai yake jira: ka yafe mini.

Na ce, "Babu, Malam."

Ya ce, "To, Allah ya tsare hanya."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Kwana goma kullum sai na kai awara da ganye, in miƙa daga bakin ƙofa in ja babur. Inna Talatu ta ce, "Ba za ka shigo ba? Yana tambayarka." In ce fasinja na jira. Gobe zan shiga, gobe zan shiga.

Kar wani ya zo mini a ƙasan rubutun nan da cewa kwana ne ya ƙare. Na sani, ni ma Musulmi ne. Ɗazu a wurin zaman makoki na soma yi wa wani dattijo bayani, shi ma suga gare shi, kuma na san abin da ake dafa masa. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Yaro, dankali bai taɓa kashe kowa ba." Cikin waɗanda ke wurin ba wanda bai gyaɗa kai ba. Ban ce dankali kaɗai ya kashe Malam ba. Akwai watannin da magani ya gagara, akwai gyambon da aka yi wa sakaci, akwai ƙin yanka. Amma nawa kason na san shi, kuma ba mai ɗauke mini.

Na kuma san yadda rubutun nan zai ƙare. Za ku sa alamar kuka, ku rubuta Allah ya jiƙansa, gobe a kwantar da wani mai suga ku cika leda da dankalin turawa ku tafi dubiya. Ba na ganin laifinku. Ni ma da ƙauna na kai.

Abu ɗaya nake roƙo. In ka raka mutum asibiti aka faɗi abin da ba ka gane ba, ka koma ka tambaya, ko layin ya kai bakin titi. In likita ba ya jin Hausa, ka bari a kira tafinta. Ba a mutuwa don an ce ban gane ba.

Kafin a yi masa sallah liman ya juyo ya ce duk wanda Malam Ya'u ya taɓa ɓata wa rai, ya yafe masa don Allah. Sahu gaba ɗaya aka amsa, "Mun yafe." Ni ma na motsa baki. Amma ba wanda ya faɗi inda mai neman yafiyar Malam zai kai tasa.

Ya Allah, ga bawanka Ya'u ya zo maka da ƙafarsa kamar yadda ya so. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabari, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka ba Inna Talatu da 'ya'yansa haƙurin rashi. Ka ba masu wannan ciwo lafiya, da abin da za su ci bai cuce su ba.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya ambaci sunansa.

In kun gama, ku roƙa mini Allah ya isar masa da abin da na kasa faɗa a zaure.