Wankan da Ban Yi wa Ƙanwata Ba

Ni ce mai wanke matan unguwar Wuro Hausa idan sun cika. Shekara nawa ina yi, ban sani ba, ban yi boko ba balle in rubuta. Na dai wanke waɗanda suka girme ni, na wanke sa'o'ina, har na zo ina wanke waɗanda aka haifa a gabana. A cikinsu duka ba wadda ta roƙe ni tun tana da rai. Mace ɗaya ce ta roƙa, ita ce kuma ban wanke ba.

Ƙanwata ce, ciki ɗaya. Mu biyu muka rage wa uwarmu, can ƙauyenmu na kudu, bayan duwatsu. Ni aure ya kawo ni Yola, na musulunta a ɗakin mijina, Allah ya jiƙansa. Ita ta zauna a coci, ta auri malamin makaranta, daga baya aiki ya kawo su Jimeta suka yi gida a Bekaji. Da Salla takan zo, da Kirsimeti nakan je. Takan tsokane ni wai na zama Bafulatanar dole, ni kuma in ce waƙarta ce take korar mutane daga coci. Haka muka tsufa.

Sai ciwo ya kama ta a nono, likitoci suka cire ɗaya. Ba ta yarda kowa ya ga wurin ba, ko 'yar cikinta. Ni kaɗai nake shiga in gasa mata da ruwan ɗumi. Wata rana ina ɗaura mata zane, sai ta riƙe hannuna, ta kira ni yaya da Fulatanci.

"Adda, in na riga ki, ke za ki wanke ni. Kada wani ido ya ga jikin nan."

Na ce ni ce babba, ta bi layi. Ta ce ba wasa take ba. Na ce to, na ɗauka.

Na aika matar Modibbo, malamin unguwarmu, ta tambayo mini shi. Ya ce wankan da na sani, da niyyarsa da alwalarsa, na Musulmi ne, kada in yi mata shi. Amma in zuba wa 'yar'uwata ruwa in suturta ta, wannan zumunci ne, bai ga abin da zai hana ba. Na riƙe maganar a cikina. Ita ma ba ta faɗa wa 'ya'yanta ba, kunya ta hana mu duka.

Da hantsi ta cika. Babban ɗanta ya bugo mini waya. A wurinmu gawa jiran mai wanka take, ba a ɗaga ta daga ɗaki sai an zo. Shi ya sa ban yi gaggawa ba. Na tsinko ganyen magarya, na sayo sabon sabulu da soso da turare, na yi azahar, sannan na hau keke mai ƙafa uku da ƙullina a cinya.

Na tarar an gyara gadon, ba kowa a kai. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce saboda zafi sun kira mota tun ɗazu, an kai ta mutuware, ɗakin ajiye gawa. Jana'iza sai bayan sati uku, in ƙannensa na nesa sun iso. Na tambayi wa ke wanka a can. Ya ce ma'aikata ne. Na ce maza ko mata? Ya sunkuyar da kai. Sai na faɗa masa alkawarin da na ɗauka.

"Mama, ai ba ki faɗa mana ba."

Gaskiyarsa ne.

Sati ukun nan, Allah kada ya maimaita mini. Na dawo Yola na shimfiɗa tabarmar zaman makoki. Maƙwabta suka zo ɗaiɗai, su ce ya haƙuri, sai su yi shiru, don addu'ar da ke biyo baya ba za su iya yi mata ba. Wasu ba su zo ba, ba don ƙiyayya ba, ba su san ko ana zuwa ba ne. Ba sadakar uku, ba ta bakwai. In na je Bekaji, matan zumuntar cocinsu sun cika tsakar gida suna waƙa, ni ina gefe. Magariba ta yi in ɗauki buta in zaga bayan ɗaki. A tsakanin nan har mata biyu na wanke a unguwa, ina zuba musu ruwa ina tunanin tawa tana can cikin sanyi.

Da safen jana'iza na bi matan zumunta zuwa mutuware, su ne masu kai kayan da za a sa mata. Shugabarsu doguwa ce mai furfura, tsohuwar malamar makaranta. A bakin ƙofa na ja ta gefe na faɗa mata komai. Ta juya ta tsayar da matanta, ta sa ma'aikata biyun da ke ciki suka fito, ta miƙo mini kayan, ta tsaya ta tare ƙofar da jikinta.

Na shiga ni kaɗai. An riga an wanke ta, an kuma ce kada ruwa ya sake taɓa ta saboda maganin da aka sa. Na naɗe ƙyalle na sa a gurbin nonon, yadda take yi da ranta. Na sa mata rigar zumunta, na ɗaura zane, na ɗaura ɗankwali. Na sunkuya na ce mata da yarenmu, wanda yanzu ba ni da abokin yinsa, na makara, ta yafe mini.

Waɗanda suka ga jikin nan ba su san ta ba. Waɗanda suka san ta kuwa, ba wanda ya gani. Ko wannan ya isa cika alkawari, ban sani ba. Mai amsar tana can maƙabartarsu ta Jimeta, mu kuma a wurinmu mace ba ta zuwa maƙabarta.