Azumi ta Kagara, Wadda Ta Ce a Buɗe Hanta

Da hantsi, in rana ta shanye raɓa, Inna Azumi kan dogara sanda ta shiga garkenta. Idanunta sun dushe yanzu, da hannu take dubawa. Tunkiya bayan tunkiya takan shafa ƙarƙashin haɓa, ta matsa, ta saki. Garken kan yi tsit, ko kunne ba su kaɗawa, har tsikar jikin baƙo ta tashi.

Ba ta gaji kiwo ba. Shekarar da ruwan dam na Goronyo ya fara bin magudanai zuwa gonaki mijinta ya rasu, ya bar mata ɗiya biyar. Ta saida gadonta na ƙarfe ta sawo tumaki uda huɗu, da niyyar tara raguna don mahauta da masu layya. Ba ta san komi ba game da tumaki. Ta ga hakin bakin magudana kore shar ko da rani, sai ta riƙa sakinsu can.

Cikin wata na huɗu haɓar ta farko ta kumbura kamar an ɗura mata ruwa. Ta kwanta tana fuskantar magudana, ba kuka, ba shure-shure, har rai ya fita. Ta biyu ma haka, na maƙwabta ma haka. Mutanen Kagara sunka ce ruwan ya haɗiye wata tsohuwar maƙabarta, masu wurin ke karɓar rabonsu. Har anka daina bin hanyar da tsakar rana.

Da ta uku ta durƙushe, Azumi ta kira Mode mahauci ya yanka kafin ta zama mushe.

"Inna, koma ciki," in ji Mode. "Wanga ba abin kallo ba na."

"Mi za ni gani da ya fi wanda na gani? Buɗe min hantar."

Ya tsaga. Sai ga wasu abubuwa masu faɗi kamar ganyen magarya suna silalowa bisa faranti. Tunkiya ta mutu, su kuwa suna raye, suna lanƙwasawa. Mode ya yar da wuƙa, ya ja da baya yana a'uziyya. Azumi ta tsince su ɗaya ɗaya cikin ƙwarya, ta rufe da faifai, ta taka da ƙafa har wurin malamin dabbobi a Goronyo. Ya ce mata tsutsar hanta ce, daga ƙananan katantanwa na ruwan kwance take fitowa ta maƙale wa jiƙaƙƙen haki. Ya ba ta maganin ɗuri. Ta ɗaure ta huɗun a turke, sai harawa, dusa da ruwan rijiya. Ta rayu, ta haifi tagwaye.

Inna, ke ta wadda ta bi gida gida tana faɗin abin da ta gano, ana rufe mata ƙofa. Ke ta uwar sababbin makiyaya, daga Tursa har Marnona. Habi ta Marnona ta shaida ranar da kika hau babur da tsufanki don ragonta guda.

Har yau wasu kan tambaye ta ko dai babu komi cikin ruwan nan. Takan ce a hankali, "Ban ce babu su ba. Na ce ba su ke cin hanta ba."

Mun gode, Inna Azumi, Allah shi saka da alheri. Duk mai shirin sayen tunkiyarsa ta farko, ya je Kagara ya durƙusa gabanta ya koya, tun tana iya amsa sallama.